Ikirarin zunubi: Me ya sa Kiristoci ke faɗin laifinsu da bakinsu?

A ranar 28 ga Maris, 2014, Fafaroma Francis ya ba jama'a mamaki a Majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Batikan. Maimakon ya wuce inda aka tanadar masa domin sauraron masu tuba, sai ya nufi wani fada, ya durƙusa, ya fara furta nasa zunuban.

Wannan ibada ita ake kira ikirari. A ɗariƙar Katolika, mai tuba yakan faɗa wa fada laifinsa cikin nadama, a yi masa addu'ar gafara, a ba shi abin da zai yi na kaffara. Tun 1215 babban taron coci na Lateran ya wajabta yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sharaɗinsa shi ne gaskiya. Wanda ya ɓoye babban zunubi da gangan, ikirarinsa bai inganta ba. Wanda ya ci dukiyar wani kuma, sai ya mayar.

Malaman Kirista kan kafa hujja da labarin Sarki Dawuda a Littafi Mai Tsarki. Ya sa an kashe Uriya, ya ɗauke matarsa, ya rufe zancen. Da annabi Natan ya tunkare shi, bai kawo uzuri ba, ya amsa laifinsa. Ana danganta Zabura ta 51 da wannan tuban.

Yawancin Furotesta ba sa bi ta hannun fada, kai tsaye suke kai kukansu ga Allah. Amma a farkawar addini da ta taso daga Gahini a Ruwanda cikin shekarun 1930, ta bazu zuwa Yuganda da Kenya, mutane sun riƙa miƙewa a bainar jama'a suna faɗin laifinsu, wasu har da mayar da kayan sata.

Katolika kuwa ta zaɓi rufin asiri, domin mai tsoron tonon silili ba zai faɗi gaskiya ba. A dokar cocin, fadan da ya fallasa mai tuba ya kori kansa daga coci nan take.

Wannan sirri ya shiga rikici da hukuma a 2019, lokacin da jihar Biktoriya ta Ostireliya ta wajabta wa fada kai rahoton lalata da yara ko da a ikirari ya ji, in ya ƙi ya fuskanci ɗaurin da zai iya kai shekara 3.

Masu goyon bayan dokar na cewa kare yaro ya fi kowane sirri. Batikan ta ce ba za ta sassauta ba. Masu mara mata baya na ganin muddin aka buɗe sirrin, mai laifi zai kama bakinsa, kuma fada ya rasa damar matsa masa ya miƙa kansa ga hukuma.