Yadda ake gane bijimin madara tun yana maraƙi

Ƴan uwa makiyaya da manoma na Madawa, Buza da Keita, ga wani bayani game da shanunmu.

Kowa ya san shanun Azawak. A Najeriya ana ce musu shanun Adar. Cikin shanun ƙasarmu su ne suka yi suna wajen madara. Suna jure zafi da ƙishirwa da doguwar tafiya. Amma ko cikin Azawak akwai bambanci. Wata saniya tana cika ƙwarya, wata ko rabi ba ta kaiwa. Alhali ciyawa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha. Wani sashe na wannan bambanci gado ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ina wuyar take?

Rabin gadon karsana daga uwarta yake, rabi daga ubanta. Saniya ɗa ɗaya take haifa a shekara, in ta yi ƙoƙari. Bijimi ɗaya kuwa yana barbarar shanu da yawa. Idan bijimin ba shi da gadon madara, garke duka ya koma baya.

To, ba a tatsar bijimi. Mai saye a kasuwar Tunfafi ko Tabotaki ko Ibohaman tozo yake dubawa, da launi, da ƙiba. Waɗannan ba su faɗin madara. Sai ƴaƴansa mata sun haihu ake sanin gaskiya. Mu yi lissafi: bijimi ya shekara 3 ya fara barbara. Ciki wata 9 ne. Karsana ta shekara 3 ko 4 ta haihu. Ke nan sai an jira shekara 7 ko 8. Kafin nan bijimin ya tsufa, ko an sayar da shi.

Wannan dogon aiki shi ake yi a gidan kiwon gwamnati na Tukunus, kusa da Filinge, tun 1954. Ana auna madarar shanu, ana rubutawa, ana zaɓen na kirki. Bayan farin 1973 an buɗe wani gidan a Ibesetan, cikin jihar Tawa, don yaɗa irin Azawak.

Sabuwar dabara

A jikin kowace dabba akwai ƙwayoyin gado. Ido ba ya ganinsu. Suna cikin jini, da fata, da tushen gashi. Kamar rubutu suke, wanda dabba ta gada daga iyayenta. A 2001 wasu masana uku suka nuna yadda za a yi zaɓe da wannan rubutu. A 2009 Amurka ta fara aiki da dabarar ga shanunta na madara.

Ga yadda ake yi. Ana tara shanu da yawa waɗanda aka san madararsu. Ana tsinko gashin wutsiyar kowace, ko ɗan guntun fatar kunne. Na'ura tana karanta alamomi wajen 50,000 a ciki. Sai kwamfuta ta gwama alamomin da madarar da aka rubuta. Ta haka ake gane alamomin da suke tafiya da yawan madara. Daga nan, in an haifi maraƙi, sai a duba gashinsa. A san ko zai yi ƴaƴa masu madara, tun yana shan nonon uwarsa.

Me ya sa ba ta da sauƙi a wurinmu?

Na'ura ba ta san gaibu ba. Daga rubutun mutane take koyo. Tana bukatar dubban shanu masu takarda. Farfarun shanun Turai masu baƙaƙen dabbare suna da miliyoyi a rubuce. Abin da aka koya daga jikinsu ba ya aiki sosai ga Azawak, don irin ba ɗaya ba ne. Shanun gidajen gwamnati kuma ba su da yawan da ake so. Mafi yawan Azawak suna hannunmu, a ƙauye da daji, ba wanda yake rubuta madararsu.

Masu irin shanu kaɗan sun sami mafita: haɗa kai. Ƙasashen Danmak, Suwidin da Finlan sun haɗa takardun shanunsu wuri ɗaya. A Tanzaniya da Habasha, tun 2016, ana tattara awon madarar ƙananan makiyaya ta wayar salula. Mu ma akwai Azawak a Mali da Burkina Faso. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za mu yi tun yanzu

1. Mu sami littafi don garke. Mu rubuta sunan kowace saniya, da na uwarta, da na ubanta.

2. Mu rubuta ranar da ta haihu, da ranar da nononta ya ƙafe.

3. Sau ɗaya a wata mu auna madararta, safe da yamma, da gwangwanin lita ɗaya. Mata su ne masu tatsa. Su suka fi kowa sanin saniyar kirki. A sa su gaba cikin wannan aiki.

4. Mu ajiye ɗan saniyar da ta fi madara don barbara. Sauran mazan a dandaƙe su, a yi turka.

5. Kada bijimi ya barbari ƴaƴansa. Irin yana lalacewa. Bayan shekara 3 mu yi musaya da wani gari.

6. Mu nuna littafin ga ma'aikacin kiwo na gundumarmu.

Mu tuna kuma, gado kaɗai ba ya cika ƙwarya. Sai da harawa, da dusa, da ruwa, da allurar rigakafi.

Ko na'ura ba ta zo bana ba, littafin ba asara ba ne. Mai littafi ya san saniyar da zai riƙe in fari ya zo, da wadda zai sayar. Ranar da na'ura ta zo kuma, garken da yake da takarda shi za a fara dubawa.