Ƙagaggiyar Rayuwa a Cikin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Aikin Mai Tsara Wasan Juyin Halitta

1.0 Gabatarwa

Daga cikin wasannin da ake yi da na'ura mai ƙwaƙwalwa akwai wani rukuni da ya sha bamban da sauran. A yawancin wasanni, mai tsarawa ne yake zana kowane jarumi, ya ba shi kamanni da ɗabi'a, ya kuma san inda labari zai ƙare. A wannan rukuni kuwa, abin da yake ginawa shi ne fili da dokokinsa, sannan ya saki wasu 'yan halittu na lissafi a ciki, su ci, su hayayyafa, su mutu, kamanninsu na sauyawa daga zuriya zuwa zuriya ba da sa hannunsa ba. Fannin ilmin da wannan ya tsiro daga cikinsa shi ne za a kira ƙagaggiyar rayuwa a wannan maƙala. Christopher Langton ne ya yayata sunan fannin a taron da ya shirya a Los Alamos ta ƙasar Amurka cikin 1987. Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa aron kalmar halitta aka yi a nan, domin abin da ake nufi da ita jerin umarni ne da lambobi, ba wani abu mai rai ba.

Manufar maƙalar ita ce bayyana yadda mai tsara wasa mai cin gashin kansa, wato mutum ɗaya ko wasu 'yan ƙalilan da ba su da babban kamfani a bayansu, yake gina irin wannan duniya. Za a ga cewa rubuta umarnin na'ura ba shi ne ya fi ba shi wahala ba. Abin da ya fi wuya shi ne ya san iyakar inda hannunsa zai tsaya.

2.0 Abubuwan da Juyin Halitta ke Buƙata

Tun a 1970 John Conway ya nuna cewa dokoki kaɗan na iya haifar da motsi mai ban mamaki. A wasansa an raba fili gida-gida kamar na dara. Gidan da ke da maƙwabta biyu ko uku a cike zai ci gaba da zama a cike, gidan da ba kowa kuma zai cika idan maƙwabtansa uku ne daidai. Sai dai wannan bai kai juyin halitta ba, saboda babu gado a cikinsa.

Gado shi ne tushe. Dole kowace halitta ta ɗauki wani rubutu da ke fayyace girmanta da saurinta da yadda take gani, wanda za ta kwafa wa 'ya'yanta. Dole kuma kwafin ya riƙa zuwa da kuskure jefi-jefi. Duk wanda ya taɓa gwama kwafe-kwafen littafi guda da aka rubuta da hannu ya san wannan al'amari: wani magatakarda ya tsallake layi, wani ya maimaita kalma, wanda ya kwafa daga gare su kuma ya gaji kuskuren ya ƙara nasa. Daidaita yawan kuskuren aiki ne na gwaji. In ya yi kaɗan, zuriya dubu za ta wuce ba abin da ya sauya. In ya yi yawa, 'ya'ya ba za su gaji abin kirkin da iyayensu suka samu ba, sai jama'ar ta watse.

Abu na ƙarshe shi ne tankaɗe da rairaya, wato abin da zai sa wasu su bar zuriya wasu su tafi ba magaji. A nan ne hanyoyi suka rabu. A cikin littafinsa The Blind Watchmaker na 1986, Richard Dawkins ya bayyana wani ɗan tsari da ke zana siffofi masu rassa, mutum ya duba ya zaɓi wadda ta burge shi ta zama uwar masu zuwa. Wannan kiwo ne, irin na makiyayin da ke ware bijimin da zai bar wa garke. Hanya ta biyu ita ce a rubuta ma'auni, na'ura ta riƙa ba kowace halitta maki. Ta uku ita ce a ƙi rubuta ma'aunin kwata-kwata, a bar yunwa da ƙuncin wuri su yi hukunci.

3.0 Matsalar Ma'auni

Hanya ta biyu ita ce ta fi jan sabon mai tsarawa, domin ta fi sauƙin rubutawa, ita ce kuma ta fi ba da kunya. A 1994 Karl Sims ya fito da halittu da aka haɗa da tubala masu gaɓoɓi, kowace da 'yar ƙwaƙwalwarta, waɗanda suka koyi iyo da tafiya da tsalle a kan wata babbar na'ura ta kamfanin Thinking Machines. Da ya sa ma'aunin tafiya ya zama saurin motsin jiki cikin ɗan ƙayyadadden lokaci, sai wasu suka zama dogaye ƙwarai, su miƙe su faɗi. Faɗuwa motsi ne mai sauri, ma'aunin kuwa bai ce dole a yi tafiya ba. Wasu kuma sun gano kurakuran da ke cikin lissafin karon jiki da jiki, suka riƙa samun ƙarfin da bai kamata su samu ba.

Abin da ya faru da Charles Ofria ya fi wannan ban mamaki. Shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tsarin Avida a 1993. A wani nazari ya so ya hana halittunsa ƙara saurin hayayyafa, don haka duk wadda aka haifa da sauyi sai a kai ta wani keɓaɓɓen wurin gwaji, in ta fi uwarta sauri a kawar da ita. Bayan wani lokaci sai saurin ya ci gaba da hauhawa. Da ya bincika sai ya tarar zuriyar ta sami hanyar gane lambobin da ake ba ta a wurin gwaji, ta yi lamɓo a can, in an mayar da ita cikin jama'a ta ci gaba da gudunta.

Babu wayo ko niyya a cikin wannan. Waɗanda suka yi lamɓo bisa kuskuren kwafi su ne suka tsira, su ne kuma suka cika fili. Amma darasin da ke ciki ga mai tsarawa a fili yake, kuma manazarcin harshe ba zai ga baƙon abu a nan ba: akwai tazara tsakanin abin da mai magana ya faɗa da abin da yake nufi, na'ura kuwa abin da aka faɗa kawai take bi. Mutum ɗaya da ke aiki shi kaɗai, ba mai duba masa, yakan kwana yana ƙara sharaɗi a kan sharaɗi don toshe irin waɗannan kafofi. Kowane sharaɗi da ya ƙara yana rage wa halittun 'yanci, har a wayi gari shi ne ya zana su da hannunsa ta bayan gida.

4.0 Darasin Tierra

Mutumin da ya fi fito da hanya ta uku fili shi ne Thomas Ray, masanin muhalli da ya yi shekaru yana nazarin dazuzzukan Kosta Rika kafin ya koma ga na'ura. A farkon 1990 ya kunna tsarin da ya kira Tierra. Ya rubuta halitta guda mai umarni 80, wadda ba ta da aiki sai kwafar kanta. Ma'ajiyar na'ura ta zama fili, lokacin aikin na'ura ya zama abinci, ya kuma sa wani mai girbi da ke kawar da tsofaffi da masu yawan kuskure idan wuri ya cika. Dabarar da ta sa abin ya yiwu ta harshe ce. Harsunan na'ura na yau da kullum ba su jure kuskure, harafi ɗaya in ya goce sai komai ya tsaya. Ray ya ƙago ƙaramin harshe mai umarni 32 kacal, wanda kowane sauyi a cikinsa yake ba da wani umarni da na'ura za ta iya karantawa.

Ba a daɗe ba sai ga halitta mai umarni 45. Ta yar da sashen kwafi gaba ɗaya, tana aron na maƙwabciyarta, kuma da yake gajera ce ta fi saurin yaɗuwa. Wato kaska ta bayyana ba wanda ya rubuta ta. Daga baya wasu suka sami kariya daga gare ta, wasu kuma suka juya lamarin, suka sa kaskar tana kwafar su maimakon kanta. An kuma sami wadda ta iya kwafar kanta da umarni 22, abin da ya nuna cewa rubutun Ray na asali yana ɗauke da kaya fiye da kima.

Wannan ita ce hanyar da masu cin gashin kansu da dama suka bi. A wasan The Bibites na Léo Caussan, alal misali, halittun suna yawo a fili suna cin tsiro ko nama, suna yin ƙwai, ƙwaƙwalwarsu ma gadonta ake yi tare da sauyi. Ba a ba kowa maki. Wanda ya sami abinci ya yi ƙwai ya bar baya, shi ke nan. A irin wannan tsari lissafin kuzari shi ne komai. Dole gudu ya ci kuzari, girma ya ci, gani mai nisa ya ci, ƙwaƙwalwa ma ta ci. Duk abin da aka bari kyauta, zuriya za ta ɗebe shi ba iyaka, a wayi gari fili ya cika da ƙattai masu gudun iska. In kuma aka tsananta farashi, sai mai tsarawa ya bar na'ura a kunne ya kwanta, da safe ya tarar ba ko ɗaya da ya rage.

5.0 Ƙarfin Na'ura da Haƙurin Ɗan Wasa

Juyin halitta na son jama'a mai yawa da zuriya mai yawa, kwamfutar gida kuwa tana da iyaka. Idan halittu 1,000 ne a fili, kuma kowace za ta duba kowace don sanin wa ke kusa da ita, za a yi gwami 499,500. In ana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, lissafin ya kusa miliyan 30 a kowace daƙiƙa, tun ba a zo ga aikin ƙwaƙwalwarsu ba. Maganin da aka saba shi ne a yanka filin unguwa-unguwa, kowace halitta ta duba unguwarta da na kewaye kawai. Wannan matsala ce da aka san maganinta, ba ta buƙatar dogon bayani.

Wadda ba ta da sauƙin magani ita ce ta ɗan wasa. Mai bincike zai iya jiran mako guda ya karanta sakamako a jadawali. Wanda ya sayi wasa da kuɗinsa yana son ya ga abu yana faruwa, yana kuma son a ba shi abin yi. Wasan Spore da kamfanin Maxis ya fitar a 2008 ya zaɓi ya faranta wa ɗan wasa: shi ne yake liƙa wa halittarsa ƙafa da baki da ƙaho yadda ya ga dama. Wasan ya karɓu, amma babu tankaɗe da rairaya na gaskiya a cikinsa, kuma rashin gamsuwa da hakan ne ya sa wasu masu sha'awa suka haɗu suka fara Thrive, wanda 'yan sa-kai ke ginawa kuma kowa na iya ganin rubutun umarninsa. Su ma sai da suka yi sassauci. Maimakon bin kowace halitta ɗaya bayan ɗaya a duk faɗin duniyar wasan, tsarinsu yana ƙiyasta yadda yawan kowane jinsi zai hau ko ya sauka ne ta hanyar lissafi. Ana iya ganin wannan a matsayin ja da baya, amma da wuya a ga yadda za a kauce masa a kan na'urar gida.

Steve Grand ya bi wata hanya dabam a wasan Creatures, wanda ya fito a Ingila cikin 1996. Halittunsa, da ake kira Norn, kaɗan ne a fili, amma kowace tana da ƙwaƙwalwa mai ƙwayoyi kusan 1,000, da sinadaran jiki masu jawo yunwa da gajiya da ciwo, da ƙwayoyin gado da ake haɗawa daga uwa da uba. Ɗan wasa yana renon su, yana shafa su in sun yi daidai, ya ɗan mare su in sun yi kuskure, yana kuma koya musu kalmomi ta hanyar nuna abu da rubuta sunansa, har su riƙa haɗa aikatau da suna. Nahawun bai taka kara ya karya ba, amma ya isa ya sa mutane su shaƙu da su. Masu wasan sun riƙa musayar Norn ta intanet suna haɗa iri, ta haka aka sami yawan jama'ar da kwamfuta ɗaya ba za ta iya ɗauka ba, an rarraba ta a gidajen mutane.

6.0 Tsayawar Sauyi

Akwai matsalar da har Tierra ba ta tsallake ba. Bayan tashin farko mai cike da sababbin abubuwa, sai sauyi ya lafa, zuriya ta riƙa zagaye a kan 'yan siffofin da ta riga ta samu. Masana fannin suna ɗaukar samar da tsarin da zai ci gaba da fito da sabon abu ba tsayawa a matsayin ɗaya daga cikin manyan tambayoyinsu. Ga mai wasa, wannan yana nufin cewa bayan wasu sa'o'i ɗan wasa zai ga duk abin da ke akwai. Don haka masu tsarawa sukan sa damina da rani, su raba fili da ruwa ko duwatsu don jinsuna su rabu, su sa abinci ya riƙa ƙaura. Haka kuma sukan ɓata lokaci mai yawa wajen zana bishiyar asali da allon duba ƙwaƙwalwa, domin sauyin da ɗan wasa bai gani ba daidai yake da wanda bai faru ba.

Duk wannan aiki ne mai cin shekaru, kuma mai cin gashin kansa da aljihunsa yake yi ko da gudummawar masu sha'awa. A 2011 Grand ya nemi irin wannan gudummawa ta dandalin Kickstarter don wani sabon aiki da ya kira Grandroids, ya sami fiye da dala 50,000, sannan ya shafe fiye da shekara goma yana gina ƙwaƙwalwar halittun shi kaɗai.