Salula, Allon da Ba Ya Rufewa da Damina



Duk shekara, idan ruwa ya sauka, cibiyoyinmu na karatu sukan rufe, kowa ya nufi gona. Idan rani ya dawo na fita rangadi wajen Kance, Dungu da Ɗan Barto, abin da nakan tarar yana sosa mini rai. Dattijon da na bari yana karanta layi guda ba gargada, sai in same shi yana laluben harafin farkon sunansa. Ba rashin basira ba ne. Karatu kamar lauje yake, in an jingine shi sai ya yi tsatsa. To, maganin tsatsar nan yana cikin aljihun da yawa daga cikinmu, wato salula.

Abin da aka gwada a ƙasarmu

A shekarun 2009 da 2010, ƙungiyar Catholic Relief Services da wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, sun yi gwaji a garuruwa fiye da 100 na jahohin Dosso da Damagaram. Sunan shirin ABC. Duk garuruwan darasi ɗaya suka samu, amma a kusan rabinsu an ƙara koya wa ɗalibai aiki da salula: gane haruffa da lambobin da ke jikinta, kira, da rubuta saƙo. Ba babbar waya aka kawo ba. Ƙarama ce irin tamu, mutum biyar suna tarayya a kan ɗaya, kuma da harshen gida aka yi koyarwar. Da aka yi jarrabawa, masu salula sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan rufe aji suna gaba. Dalili a fili yake: wanda yake rubuta wa ɗansa da ke ci-rani saƙo, bita yake yi bai sani ba.

A kasuwa

Salula ta shigo Nijar a 2001. Kafin nan, mai son sanin kuɗin hatsi a wata kasuwa sai ya biya mota, ko ya yarda da abin da dillali ya faɗa. Binciken malamar nan ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006, tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwannin da suka sami layi ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da muke tsakanin Damagaram da iyakar Nijeriya. Kafin ka ɗora wake ko rake a amalanke, tambayi kuɗin tiya ko dami a kasuwa biyu ko uku. Rubuta kowane a littafinka, ka cire kuɗin mota, sannan ka yanke shawara. Matambayi ba ya ɓata.

A tukunyar gida

Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafi a garuruwa 96 na jahar Tawa a 2010, kimanin jika 22 kowane wata har wata biyar. Wasu matan an ba su hannu da hannu, sai sun yi tafiya sun bi layi. Wasu kuwa an aika musu ta waya, ta hanyar da a lokacin ake kira Zap. A gidajen da kuɗin ya zo ta waya, an fi cin abinci iri-iri, yara kuma sun fi samun ci. Lokacin da matan za su ɓata a hanya ya koma ga aikinsu, kuɗin kuma ya shigo ba tare da idon jama'a ba.

Amma a kula. Macen da ba ta iya karanta lambobi ba, dole ta miƙa wayarta ga wani, ta kuma gaya masa lambarta ta sirri. Wanda ya san lambarka ta sirri, ya riƙe mabuɗin rumbunka.

Abin yi kafin damina

1. Kowane ɗalibi ya rubuta saƙo ɗaya a mako, ko da gaisuwa ce. Idan wayar ba ta da ɓ, ɗ, ƙ, a sa b, d, k, mai karatu zai gane.
2. Marasa waya su haɗu biyar-biyar, su sa ranar da kowa zai riƙe ta.
3. A ajiye lambar malamin asibiti, da ta ungozoma, da ta mai motar da za a kira in naƙuda ta zo da dare.
4. Uwa ta rubuta ranar rigakafin ɗanta, da ranakun maganin kariya daga zazzaɓin sauro da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata da damina.
5. Kada a faɗa wa kowa lambar sirri, ko da ya kira ya ce daga kamfani yake.

Sai dai waya ba likita ba ce. Yaron da jikinsa ya yi zafi, ko yake zawo, ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti nan take. A nan kam, zuwa da kai ya fi saƙo.

Ku malaman cibiyoyi, ina roƙonku ku ware lokaci a kowane mako don darasin salula kafin a rufe aji. Ku kuma ɗalibai, idan na dawo rangadi bayan kaka, abin da zan fara nema shi ne saƙon da kowa ya rubuta da hannunsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.