2.4 Matsanancin Hawan Jini: Haɗarinsa da Hanyoyin Magance Shi

Masana kiwon lafiya sun bayyana cewa hawan jini ya tsananta ke nan idan awon mutum ya kai 180/120 ko ya haura haka. Sai dai kuma wannan adadi shi kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. Abin da likita kan fara dubawa shi ne ko cutar ta taɓa wani muhimmin sashe na jiki, wato ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙoda ko ido. Alamomin hakan sun haɗa da ciwon kai mai tsanani, ruɗewa, dishi-dishin gani, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi da shanyewar ɓarin jiki. Alal misali, Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a watan Afrilun 1945 sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, awonsa a ranar kuwa ya kai 300/190. A wancan zamani babu ingantaccen magani. A yau kuwa akwai shi, amma sau da yawa abin da kan jefa majinyaci cikin wannan hali shi ne daina shan maganin da zarar ya ji sauƙi.

Idan aka tabbatar an taɓa ɗaya daga cikin waɗannan sassa, akan kwantar da majinyaci a ba shi magani ta jijiya, kamar labetalol ko nicardipine. Abin lura a nan shi ne, ba a saukar da jinin gaba ɗaya. Ƙa'idar ita ce kada a rage fiye da kashi 25 cikin 100 a sa'ar farko, sannan a kai shi kusan 160/100 cikin sa'o'i 2 zuwa 6. Dalili kuwa, jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun riga sun saba da matsin, saukar da shi farat ɗaya kan hana jini isa gare ta, maganin ya haddasa shanyewar jikin da ake gudu. Wannan ne ya sa tun a shekarun 1990 aka yi watsi da ɗabi'ar sanya nifedipine a ƙarƙashin harshe.

Wanda awonsa ya hau amma babu wata alama, ƙwayoyin sha sun wadatar, a sake auna shi cikin 'yan kwanaki. Mai juna biyu kuwa hukuncinta daban ne: da ta kai 160/110 ake gaggauta ba ta magani, a haɗa da magnesium sulphate idan ana fargabar jijjiga.