Ɗalibin Jami'a Mai Jinya a Gida: Abin da Mai Hidima Ya Kamata Ya Sani

A kusan kowace ikilisiya akwai matasa da ake ƙirga su cikin waɗanda suka yi sa'a domin sun sami shiga jami'a. Amma a cikinsu akwai waɗanda ke ɗauke da aiki biyu. Da rana suna ajin lacca, da dare suna juya mahaifi wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko suna zaune gefen gadon ƙane mai ciwon sikila, ko suna tsaron kaka wadda gigin tsufa ya kama. Ba albashi suke karɓa ba, ba kuma wanda ya koya musu aikin. Wannan darasi zai bayyana ko su wane ne, yadda jinya ke taɓa karatunsu, irin taimakon da ke akwai, da abin da fasto da dattawan ikilisiya za su iya yi.

Wane ne ɗalibi mai jinya?

Shi ne ɗalibin da wani ɗan'uwa ya dogara a kansa kullum saboda ciwo mai daɗewa, ko naƙasa, ko tsufa, ko taɓin hankali, ko shaye-shaye. Aikin ya wuce gaisuwar mara lafiya. Ya haɗa da wanka da wanki, dafa abinci na musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini, lura da lokacin shan magani, bin layi a asibiti, neman jini, da kula da ƙanne idan uwa ce ta kwanta. Wani ma ba ya zama tare da mara lafiyar, amma kowace Jumma'a yana kan hanya zuwa gida, kuɗin abincinsa kuma yana tafiya a magani.

Abubuwa biyu ne suka sa nauyin ya yi yawa a Nijeriya. Na farko, a yawancin asibitocinmu dole ne mara lafiya ya zo da mai jinyarsa, wanda zai sayo magani, ya kai gwaji, ya ciyar da shi, ya kwana a baranda. Na biyu, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun iyali yake fita. Idan ciwo ya daɗe, ana fara sayar da hatsi da dabbobi, daga nan sai a taɓa kuɗin makaranta.

Me ya sa ɗalibi ne ake zaɓa? Domin ana ganin shi ba ya zuwa gona, ba ya zuwa ofis, saboda haka yana da lokaci. Shi ne kuma ya iya Turanci, zai gane abin da likita ya faɗa. Sau da yawa ’ya mace ce abin ke faɗawa a kanta, ko da tana da ’yan'uwa maza, domin an saba ɗaukar jinya aikin mata.

Yadda jinya ke cin karatu

Mai hidima ba zai iya taimako ba sai ya san yadda jami'a ke aiki. Jami'o'i da yawa suna da doka cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin ya zauna jarrabawa. Makin kowane kwas kuma kashi biyu ne: na gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango, wanda yakan kai 30 ko 40, sauran kuma na babbar jarrabawa. Wanda ya yi mako uku a asibiti tare da mahaifiyarsa zai iya rasa gwaji biyu ko uku, ya shiga jarrabawa da gurbi wanda ƙoƙarinsa ba zai cike ba. Idan ya faɗi, sai ya maimaita kwas ɗin shekara mai zuwa a kan sababbin kwasa-kwasai, nauyi ya ƙaru a daidai lokacin da ƙarfinsa ya ragu. Idan matsakaicin makinsa ya sauka ƙasa da iyaka, za a ba shi gargaɗi, in bai gyaru ba a sallame shi. Akwai kuma iyakar shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi a kan digiri ɗaya.

Jinkiri yana da wata illa. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba shi. Wasu masu ɗaukar ma'aikata kuma suna sa iyakar shekaru. Ga ɗaliban da yajin aikin malamai na 2022 ya riga ya ci musu wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kowace shekarar da ta ƙaru asara ce mai nauyi.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takardar sakamako: rashin barci, kaɗaici, da jin laifi ta kowane gefe. In yana aji, zuciyarsa na ce masa ya yi watsi da mahaifinsa. In yana gida, yana tunanin abokansa sun wuce shi. Yawancinsu ba sa faɗa wa kowa, musamman idan ciwon na taɓin hankali ne ko ƙanjamau, domin tsoron abin da mutane za su ce game da gidansu.

Abin da aka yi a Birtaniya

Yana da amfani mu duba ƙasar da ta ba wannan al'amari suna da doka. Ƙidayar 2021 ta nuna akwai kimanin mutum miliyan 5 a Ingila da Wales masu jinyar wani ba tare da biya ba. A 2014 aka yi dokoki biyu a Ingila waɗanda suka ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin auna bukatun mai jinya kansa, babba ne ko yaro, dabam da bukatun mara lafiya. Hukumar UCAS, wadda ta hanyarta ake neman shiga jami'a, ta ƙara tambaya a takardarta ga masu shiga daga 2023, inda ɗalibi zai nuna cewa yana jinyar wani. Da haka jami'a takan sani tun kafin ya iso. Jami'o'i da yawa suna da ma'aikaci guda wanda aka sa domin irin waɗannan ɗalibai, suna ba da tallafin kuɗi, suna kuma ƙara wa'adin miƙa aiki idan jikin mara lafiya ya tashi.

Duk da haka tsarin yana da gibi. Alawus ɗin gwamnati na masu jinya a Ingila yana bukatar mutum ya yi jinya aƙalla awa 35 a mako, amma ba a ba wanda ke karatu na awa 21 ko fiye a mako. Wato ɗalibi na cikakken lokaci ba ya samu, ko da shi kaɗai ne ke riƙe da gidan. Sikotilan ta sassauta wannan sharaɗi a sabon tsarinta.

Darasin da za mu ɗauka ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Abin da ya fi kawo canji shi ne a yi tambaya tun da wuri, a sa mutum ɗaya sananne wanda ɗalibi zai je wurinsa, a kuma ɗauki mai jinya a matsayin wanda shi ma yake da bukata. Ikilisiya tana iya yin waɗannan duka.

Ƙofofin da ke akwai a gida

A jami'o'inmu akwai hanyar ɗage karatu na zango ɗaya ko shekara ɗaya. Ɗalibi zai rubuta takarda ta hannun shugaban sashensa, ya haɗa da rahoton likita. Muhimmin abu shi ne a rubuta kafin a tafi. Wanda ya ɓace ba takarda ana ɗaukarsa ya bar makaranta ne, dawo da shi kuma yana da wuya. Akwai malamin da ke ba kowane aji shawara, da ofishin kula da harkokin ɗalibai, da sashen ba da shawara. Ɗalibai da yawa suna tsoron waɗannan ofisoshi. Wasiƙa daga fasto, ko rakiyar wani malamin jami'a ɗan ikilisiya, takan buɗe ƙofa.

Ta fannin kuɗi, asusun NELFUND ya fara aiki a 2024. Yana biya wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta, da ɗan alawus na wata, a matsayin bashi marar ruwa wanda ake fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne, sai a bayyana wa ɗalibi haka sarai. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa hukumar NHIA, jihohi da yawa kuma suna da nasu hukumomin inshora. Shigar da mara lafiya cikin irin wannan tsari yakan rage kuɗin maganin kowane wata. Inshorar da ɗalibi ke biya a makaranta shi kaɗai ta shafa, ba ta kai ga iyayensa ba. Ga wanda ba zai iya nisa da gida ba, akwai jami'ar NOUN mai cibiyoyin karatu a jihohi, da shirin karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Umarnin girmama iyaye a Fitowa 20:12 ya haɗa da kula da su lokacin rauni. A 1 Timoti 5:4 Bulus ya sa wannan aiki cikin ibada, ya kuma ɗora shi da farko a kan ’ya'ya da jikoki. Saboda haka ɗalibi mai jinya yana yin hidima ta gaske. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsauta wa waɗanda suka mai da keɓe dukiya ga Allah hujjar ƙin taimakon iyaye. Fasto da ke zargin yarinya da sanyin bangaskiya domin ta daina zuwa koyon waƙa, alhali tana wanke mahaifiyarta a gida, ya kusa faɗawa cikin wannan kuskure.

Amma Nassi bai bar nauyin a kan mutum ɗaya ba. A Galatiyawa 6 Bulus ya yi amfani da kalmomin Helenanci biyu. A aya ta 2 kalmar ita ce baros, kaya mai danne mutum, wanda ’yan'uwa za su taya ɗauka. A aya ta 5 kalmar ita ce fortiyon, wanda masu fassara da yawa suka fahimta a matsayin kayan da ya dace kowa ya ɗauka da kansa. Aikin makiyayi shi ne ya gane lokacin da kayan ɗalibi ya tashi daga na biyu ya koma na farko. A Markus 2 mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayye ɗaya. A Ayyukan Manzanni 6, da aka ga ana mantuwa da wasu gwauraye a rabon abinci, manzanni sun sa an zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. A kan gicciye kuma Ubangiji ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, wanda ya kai ta gidansa (Yahaya 19:26-27).

Matakan da mai hidima zai ɗauka

Na ɗaya, ka yi tambaya. Idan ka je gaida mara lafiya, ka juya ga wanda ya kawo maka kujera. Ka tambaye shi awa nawa ya yi barci, yaushe jarrabawarsa, wa ke karɓarsa idan ya gaji. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma waɗannan matasa sun iya ɓoye fuska, don haka tambayar ta zama takamaimai.

Na biyu, ka tara iyali. Ɗalibi ba zai iya ce wa kawunsa ko yayansa su zo su karɓi nasu rabo ba, amma fasto da dattijo za su iya. A zauna a raba kwanaki da kuɗi, a rubuta, kada a bar wa ’ya mace kaɗai.

Na uku, a tsara masu karɓa. Zumuntar Mata da zumuntar matasa za su iya raba ranaku, musamman makonnin jarrabawa. Alkawarin awa huɗu kowace Talata da ake cikawa ya fi babban alkawari da ba a san ranarsa ba. Idan akwai nas ko ma'aikacin lafiya a ikilisiya, ya koya wa masu karɓa yadda ake juya mara lafiya don kada ya sami gyambon kwanciya.

Na huɗu, a haɗa ikilisiyar gida da ta makaranta. Da izinin ɗalibi, ka sanar da limamin majami'ar jami'a ko shugabannin FCS ko NIFES. Abokan aji za su iya ajiye masa rubutun lacca, su sanar da shi ranar gwaji.

Na biyar, a ware kaso daga asusun taimako domin kuɗin mota da kuɗin rajista, a biya kai tsaye, a ɓoye. Ɗaliba da kuɗi ya ƙare mata tana cikin haɗarin masu neman cin amfanin bukatarta, har a cikin ikilisiya. Saboda haka taimako ya bi ta hannun kwamiti, ziyara kuma a je mutum biyu.

Na shida, ka riƙe asiri. Kada ka ambaci sunan ciwo a roƙon addu'a ba da yardar iyali ba. Idan mara lafiyar ba mai bi ba ne, a yi masa hidima da ladabi, ba tare da sharaɗi ba.

Na bakwai, ka san iyakarka. Ka yi addu'a, amma kada ka ce a daina shan magani. Idan ɗalibi ya daina cin abinci, ya janye daga mutane, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, ka raka shi wurin likita ba da jinkiri ba. Idan mara lafiyar ya rasu, kada ziyara ta tsaya ranar jana'iza, domin wanda ya yi shekaru yana jinya yakan rasa inda zai sa kansa bayan an watse.

Ka kuma yi hattara da shawarar barin makaranta. Wani lokaci ɗage karatu shi ne daidai. Amma digirin nan sau da yawa shi ne abin da zai ciyar da gidan duka nan gaba, har da mara lafiyar. Kafin a yarda yaro ya bari, ikilisiya ta tabbata ta gwada duk abin da ke hannunta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ɗalibai nawa ne a ikilisiyarka ke jinyar wani a yanzu? Ta yaya za ka gano waɗanda ba ka sani ba?
2. Yaya za ka bayyana bambancin Galatiyawa 6:2 da 6:5 ga iyalin da suka bar jinya a kan ’yarsu ɗaya?
3. Rubuta tsarin mako huɗu na masu karɓar jinya domin ɗalibin da zai shiga jarrabawa, ka kawo shi aji mai zuwa.