Victor Hugo, Lugu da marubucin da muka manta

Tun da aka fitar da kundin sabunta ƙasa a Nijar a watan Maris na 2025, Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, fadojin matasa a Dogon Dutsi suka samu abin taunawa. Wani saurayi ya ce mini a teburin mai shayi, "To Malam, yanzu sai a kwashe su Victor Hugo a kai bola." Na ce ya faɗa mini abu ɗaya da mutumin ya rubuta, sai ya sosa ƙeya.

Ban ga laifinsa ba. Mu ma da muka yi lakwal, haddar waƙoƙinsa muka yi a ajin zana, mushe na tsaye da bulala, muna rerawa ba mu san ma'ana ba. An haifi Hugo a 1802, ya mutu a 1885. Ya rubuta Les Misérables a kan talakawan ƙasarsa, ya yaƙi hukuncin kisa, ya yi shekara 19 yana gudun hijira don ya ƙi Napoleon na Uku. Wannan duk wani mushe ya sani.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne jawabinsa na 18 ga Mayu 1879 a Paris, wajen bikin tunawa da 'yanta bayi. A nan gwarzon talakawa ya miƙe ya ce Afirka ba ta da tarihi, ya kira Turawa su zo su ɗauke ta. Shekara 20 bayan haka hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine suka keto Arewa suna ƙone garuruwa, a watan Afrilun 1899 suka isa Lugu, inda mutanen Sarauniya Mangu suka tare su da baka da kibiya. Hugo bai harba bindiga ba, amma yana cikin waɗanda suka share fagen. Saboda haka ni so nake a ci gaba da karanta shi, a haɗa da jawabin nan, yara su gan shi gaba da baya.

Sai dai ba wannan ke ci mini rai ba. Muna da namu marubucin ƙagaggen labari kuma mawaƙi wanda ya yi aiki da Faransanci, ba mai ambatarsa a fada. Abdoulaye Mamani ɗan Gudumariya ne, an haife shi a 1932. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary. Da aka haramta jam'iyyar ya bar ƙasa, ya zauna a Aljeriya. Ya fitar da kundin waƙoƙinsa Poémérides a 1972. Ya dawo bayan juyin mulkin 1974, ba a jima ba gwamnatin Kountché ta ɗaure shi. A 1980 littafinsa Sarraounia ya fito, Med Hondo ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Kafin Mamani, labarin Sarauniya yana bakin tsofaffin Azna ne, a Lugu da Bagaji da kewaye, takardun Turawa kuwa 'yan layuka suka ba ta. Gaskiya ya ƙara gishiri, aikin marubuci ke nan, kuma Sarauniyar littafi ba ita ce daidai wadda mutanen Lugu ke ba da labari ba, wadda har yau magajiyarta ke zaune a bukka. Amma da harshen su Voulet ya fitar da ita duniya. Yau gwamnati na maƙala wa mutane lambar girma mai sunan Sarauniya Mangu. Cikin masu karɓa, nawa suka taɓa buɗe littafin?

Hukumomin ilimi na Doso, me kuke jira? Ku sa Sarraounia cikin Hausa a hannun kowane ɗan kolej daga Tibiri zuwa Matankari, ku ɗauki yaran a mota ku kai su Lugu su ji daga bakin masu garin, su gwada da abin da ke takarda. Sauya allon titi a Yamai aikin yini ɗaya ne, an yi shi tun Oktoban 2024, titin de Gaulle ya koma na Djibo Bakary. Mamani kuwa a hanya ya rasu, cikin hatsarin mota a 1993, yana tafiya Yamai karɓar lambar adabi ta Boubou Hama.