Ɗan zanzaron da ke cin kaska daga ciki

Duk lokacin da na zauna da makiyaya a kan maganar kaska, hirar takan tsaya kan maganin feshi da tsadarsa. Yau ina so in gabatar muku da wani maƙiyin kaska da ba a saye a kanti.

Masana na kiransa Ixodiphagus hookeri. Dangin zuma ne da tururuwa da rina, daga gidan da ake ce wa Encyrtidae, kuma wani masanin ƙwari a Amurka mai suna Howard ne ya fara bayaninsa a 1908. Baƙi ne, tsawonsa wajen milimita ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba. Ba ya harbin mutum, ba ya harbin dabba.

Macen ce ke aikin. Tana neman ƙaramar kaska wadda ba ta balaga ba, ta huda ta, ta zuba ƙwai a cikinta. Idan kaskar ba ta sha jini ba, ƙwan sai su jira. Da ta ƙoshi ta faɗo ƙasa, tsutsotsin su cinye cikinta tas, sai ɓawo. Bayan wasu makonni sababbin zanzaro su huda ɓawon su fito. Wannan kaskar ba za ta girma ba, balle ta yi ƙwai dubbai.

A Kenya, masu bincike na cibiyar ICIPE sun saki kusan 150,000 cikin shekara guda a wurin kiwon wani ƙaramin garke. Kaskar nan mai ado a baya, Amblyomma variegatum, wadda ke tafe da kirci, ta ragu ƙwarai. Amma wata kaskar da ke manne wa kunnen shanun can ba ta ragu ba.

Manomanmu da suka ga buhunan Habrobracon hebetor da ake ratayewa saboda tsutsar zangarniyar gero sun san irin wannan dabara. Sai dai gona a tsaye take, garke kuwa tafiya yake, kuma zanzaron da ya fito kwanaki kaɗan yake rayuwa. A ganina, nan wahalar take.

Kuma ku lura: kaskar da ke ɗauke da ƙwan tana gama shan jininta kafin ta mutu. Saboda haka a ci gaba da duba hantsa da hammata da ƙarƙashin wutsiya, musamman da saukar damina.